A Daina Ɓoye Wa Yara Tarihi Mai Ɗaci

A 1947 Jackie Robinson ya karya shingen da ya hana baƙar fata buga babbar gasar besbol ta Amurka, ya sha zagi a fili. 'Yarsa, Sharon Robinson, ta rubuta wa yara littattafai a kan haka. Mu ma muna da namu: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka kai bauta. Wani zai ce labarin ya yi wa yara nauyi. A ganina, yaron da ya ji zafin wulaƙanci a labari da wuya ya raina ɗan wata ƙabila a makaranta. Iyaye, mu riƙa karanta musu.