Kafin A Cika Takardar JAMB

A wannan mako za mu yi magana a kan wata amana da yawancinmu iyaye muke yi wa riƙon sakainar kashi, watau taimaka wa 'ya'yanmu na sakandare wajen zaɓen fannin da za su karanta nan gaba.

Da yawa daga cikinmu muna zaton ranar cika takardar JAMB ita ce ranar zaɓi. Ba haka ba ne. An yanke rabin maganar tun ranar da yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, aka raba su: wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi da zamantakewa, wasu ajin kasuwanci. Jarrabawar JAMB darussa 4 ce, Ingilishi dole, sauran ukun kuwa fannin da ake nema shi ke faɗarsu. Mai neman aikin likita sai ya rubuta Bayoloji da Kimistiri da Fiziks. Mai neman aikin lauya yana bukatar adabin Ingilishi. Yaron da aka jefa ajin da bai dace da shi ba, bayan shekara 3 sai ya tarar an kulle masa ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Laifinmu iri biyu ne. Ma'aikacin gwamnati ya rantse ɗansa sai likita, ko da yaron ya sha faɗuwa a lissafi. Ɗan kasuwa kuwa ya ce kowane fanni ma ɗaya ne, tunda dai kasuwa yaron zai dawo. Na farko ya ɗora wa ɗansa kayan da ba zai iya ɗauka ba, na biyu ya bar nasa ba jagora.

Malamanmu sun daɗe da warware mana wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa ilmin likitanci da na lissafi farillar kifaya ne, haka ma sana'o'in da jama'a ba ta rayuwa sai da su, kamar noma da saƙa. Watau idan wasu suka tsaya a kai an sauke wa kowa nauyi, idan aka rasa mai yi laifin ya hau kan kowa. Ashe ke nan malamin makaranta da akanta da likitan dabbobi duk suna sauke mana farilla. Muna ƙorafi namiji ya duba matanmu a asibiti, amma mu ne muke hana 'ya'yanmu mata shiga ajin kimiyya. To, ina za a samo likita mace da ungozoma?

Saboda haka lalle ne uba ya karɓi sakamakon ɗansa na ƙaramar sakandare ya duba da kansa, ya taka har makaranta ya ji ta bakin malamai, domin su suka san inda ƙarfin yaron yake. Ya zaunar da yaron ya saurare shi, sa'an nan ya kai shi wurin mai yin aikin da yake sha'awa ya gani da idonsa. Ya kuma auna aljihunsa: karatun likita shekara 6 ne, na injiniya 5, na lauya 5 ban da makarantar horar da lauyoyi. Har wa yau, ba jami'a kaɗai ce hanya ba. Ƙaramar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha shekara 2 ce, takardar malanta ta NCE kuwa 3.

In an gama shawara sai a yi istihara, a bar wa Allah zaɓi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su amfani jama'a, amin.