JIRGIN SAMA MARAS INJI: INDA YA KAMATA SAMARINMU SU FARA

A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda da tarkacen ƙarafa. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Jama'a sun yi ta yabo, daga nan kuma zance ya mutu.

Abin lura shi ne, yaron ya fara ne da irin jirgin da ya fi kowane wuyar ƙira. Waɗanda suka riga mu a wannan fage da jirgi maras inji suka soma. Otto Lilienthal na Jamus ya tashi da irinsa wajen sau 2,000 tsakanin 1891 da 1896, shekarar da ya faɗo ya rasu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka taƙaita wa Jamusawa ƙera jirage masu inji, sai ɗalibansu suka koma ga maras inji.

A 1931 ne Edmund Schneider ya fito da samfurin da ake kira Grunau Baby, mai ɗaukar mutum ɗaya. Da katako ake yin gangar jikinsa, a lulluɓe fukafukan da yadi. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kimanin ƙafa 44 ne. Da igiya ake jansa har ya ɗaga, sa'an nan matuƙi ya saki igiyar. Duk ƙafa ɗaya da ya sauko, yakan ci ƙafa 17 a gaba. Saboda arahar kayansa, ƙungiyoyi a ƙasashe da dama sun karɓi zanensa sun ƙera nasu, har aka sami wajen 6,000.

To, yaya jirgin da ba shi da inji zai daɗe a sama? Manomin Ɗambatta ko Bichi ya san amsar. In rana ta take bayan kaka, yakan ga ungulu tana kewaya sama ba ta kaɗa fiffike. Iskar da ta ɗau zafi daga busassun gonaki ita ke hawa da ita, ita ce kuma matuƙin wannan jirgi ke nema.

Amma akwai matsaloli. Gonakin arewacin Kano a matse suke, ga gidaje, ga gawo da ɗorawa da kuka ko'ina, saboda haka ba ko'ina za a sauka ba. Hazon hunturu yana rufe ido. Katako da gam kuwa, in ba a gwada ƙarfinsu ba, ran matuƙi ne a bakinsu.

Wannan ya sa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya a bayan gida. Ghana ta gane haka, domin daga 1962 zuwa 1966 Hanna Reitsch ta Jamus ta koyar da tuƙin irin waɗannan jirage a Afienya bisa gayyatar Shugaba Nkrumah.

A nan gida akwai Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa, da Kwalejin Ilmi ta Fasaha a Bichi, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya wadda aka kafa a 1964. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta haɗa su: ɗalibai su sassaƙa, injiniyoyin Zariya su duba kowace gaɓa, hukuma ta keɓe filin gwaji. In ba haka ba, yaro na gaba mai irin basirar Mubarak shi kaɗai zai sake gwadawa, da ransa.