Tsakanin Goyo da Aji Ɗaya: Wa Ke Riƙe da Yaranmu?



A Ngawundere da Garwa da Marwa, idan aka zauna zancen ilimi daga jarrabawa ake farawa: wa ya ci CEP, wa ya faɗi, ɗan wa ya samu shiga jami'ar da ke Dang. Da wuya ka ji an tambayi yadda yaro ya yi shekarunsa na farko, daga ranar suna zuwa ranar da aka riƙo hannunsa aka kai shi aji ɗaya. Mu da aiki ya zaunar da mu a zauren dattijai, muna rubuta takardu muna sauraron koken iyaye, mun lura cewa ƙarar da ake kawowa a kan ɗan shekara goma sha biyu da ya ƙi makaranta, sau da yawa tushenta yana can baya, tun yana ɗan shekara uku ko huɗu. Ra'ayinmu shi ne, renon ƙananan yara aiki ne da ya kamata unguwa ta ɗauka da kanta, ta gina shi a kan gida da harshen uwa da makarantar allo, sannan ta nemi hukuma ta amince da shi ta tallafa.

A tsarin da ake da shi a Kamaru, Ma'aikatar Ilimin Matakin Farko ce ke kula da makarantar renon yara, wadda ake kira matarnel, da kuma firamare. Yaro yana yin shekara biyu a matarnel, yana ɗan huɗu da biyar, sannan ya shiga firamare yana ɗan shida. A shekarar 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da cewa firamaren gwamnati ta zama kyauta, amma wannan rangwame bai haɗa da matarnel ba. A can akwai kuɗin rajista, da kuɗin ƙungiyar iyaye, da ɗinkin kayan makaranta, da ɗan abin da yaro zai ci, da kuɗin mai babur safe da rana. Mafi yawan waɗannan makarantu kuma a cikin birane suke, da yawansu na 'yan kasuwa ne. Magidanci mai 'ya'ya bakwai da ke neman na cefane a bakin tashar jirgin ƙasa ya san lissafin da kansa. Ita ma gwamnati ta san da wannan giɓi. Ta sanya jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa da Gabas cikin yankunan da take ba fifiko saboda koma-bayansu a ilimi, kuma a tsarinta na ilimi na 2013 zuwa 2020 ta tanadi kafa cibiyoyin renon yara na al'umma, musamman a karkara. Ke nan ƙofa a buɗe take, saura masu shiga.

Mai karatu zai iya cewa, ai mu ma ba mu yi matarnel ba, ga mu mun girma. Gaskiya ne, sai dai masana sun daɗe suna bin diddigin wannan zance, kuma abin da suka gano ya cancanci a saurara. A shekarun 1986 da 1987, a birnin Kinsitin na ƙasar Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya tsumburar, masu wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara biyu. Aikinta shi ne ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta ambata masa sunayen abubuwa, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka sake nemo yaran. Waɗanda aka ziyarci iyayensu suna samun kuɗin shiga da ya zarce na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba a gina musu aji ba, ba a saya musu na'ura ba. Uwa aka koya wa, a tsakar gidanta.

A Amurka ma an yi irin wannan gwaji a garin Ifsilanti na jihar Mishigan daga 1962, da yara 123 'ya'yan talakawa, aka bi rayuwarsu har suka manyanta. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya samu lambar Nobel a 2000, ya lissafa cewa abin da aka kashe a kansu ya dawo wa al'umma da ribar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowace shekara, ta hanyar aikin yi da raguwar aikata laifi. Mujallar likitoci ta Lancet kuwa ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suna cikin haɗarin kasa kaiwa ga cikar basirar da aka halicce su da ita, saboda talauci da tsumburewa. Magabata sun taƙaita wannan duka da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa tarbiyyar gidajenmu fanko ce mai jiran a cika ta daga waje. A nan Kamaru, cikin ƙabilar Nso ta jihar Arewa maso Yamma, masu bincike daga jami'ar Osnaburuk ta Jamus sun gwada haƙurin yara 'yan shekara huɗu. Aka ajiye wa kowane yaro fanke ɗaya, aka ce idan ya jira minti goma bai ci ba za a ƙara masa wani. Kusan kashi 70 cikin ɗari na 'ya'yan manoman Nso sun jira, alhali cikin yaran Jamus da aka yi wa irin gwajin da kayan zaƙi kashi 28 ne kawai suka iya. Marigayi Farfesa Bame Nsamenang, ɗan wannan yanki, ya shafe rayuwarsa yana nuna wa duniya cewa yaron Afirka yana koyo ta hanyar aike da reno da zama cikin 'yan'uwa, kuma duk shirin da ya raina wannan zai gina ne a kan yashi. Goyo, da tatsuniyar kaka, da gaisuwar safe, da aiken yaro gidan maƙwabta ya dawo da saƙo daidai, duka karatu ne.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi inda tarbiyyar take da rauni. A gidaje da yawa ana ganin yi wa jariri hira wauta ce, wai ai bai san komai ba, alhali a lokacin ne kunnensa ke tara kalmomi. Kunyar ɗan fari kyakkyawar ɗabi'a ce, amma idan ta kai uwa ba ta kallon idon ɗanta ba ta yi masa wasa, kuma babu kaka a kusa da za ta maye gurbi kamar yadda ake yi a babban gida na da, yaron ne ke asara. Yarinya 'yar shekara takwas da aka ɗora wa goyon ƙaninta da farantin talla tana biyan kuɗin renon da karatunta. Haka kuma yaro mai tambaya da ake yi wa tsawa a ce ya cika surutu, gobe a aji ba zai ɗaga hannu ba.

Makarantar allo ita ce gidan renon da ya fi kowanne yawa a unguwanninmu. Daga Tongo da Bali da Sabongari a Ngawundere, har Fulɓere da Yelwa a Garwa, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ji sautin karatu daga wani zaure ba. Iyaye sun amince da ita, kuɗinta na Laraba bai fi ƙarfin kowa ba, kuma tana kusa da gida. A nan yaro ke fara sanin cewa zane a kan allo yana ɗauke da sauti, ya koyi zama da ladabi da hadda. Wannan gado ne mai daraja. Amma ɗan shekara huɗu da aka zaunar cikin yara sittin a gaban malami ɗaya, a sanyin hunturun Ngawundere ko zafin Afrilun Garwa, ana tsare shi da dorina, ba a ba shi haƙƙin shekarunsa ba. Malaman tarbiyya na Musulunci tun da can sun yi gargaɗi a kan tsanantawa ga ƙananan yara, Ibn Khaldun ma ya keɓe wa wannan fasali a Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da kasala.

Musulmin gaɓar tekun Kenya sun taɓa tsayawa inda muke tsaye. Shugabanninsu sun ga 'ya'yansu na baya a firamare, suka nemi taimakon Gidauniyar Aga Khan, aka fara shirin renon yara a cikin madarasa a Mombasa a 1986. Daga nan ya kai Zanzibar a 1990 da Yuganda a 1993. Unguwa ce ke mallakar makarantar, ita ke zaɓen matan da za a horar su zama malamai, yara kuma suna koyon addini da lissafi da harshe ta hanyar wasa da kayan da aka samu a gida. Mu ma muna da abin koyi daga tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta horar da jajis, ta aike su ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu, tun fiye da shekara ɗari kafin gwajin Jamaika.

Sauran magana ita ce ta harshe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Mbum ko Dii ko Gbaya, ranar da ya shiga ajin farko, wanda ake kira SIL, sai ya tarar da malami yana Faransanci daga safe har tashi. Ana so ya koyi karatu da baƙon harshe a lokaci guda. Tun 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu na jami'ar Yawunde ya fara shirin PROPELCA don gwada koyarwa da harsunan gida. Daga 2007 aka gwada a ƙasar Kom, inda makarantu goma sha biyu suka koyar da harshen Kom a azuzuwa uku na farko, aka kwatanta su da wasu goma sha biyu masu Ingilishi zalla. Yaran harshen gida suka yi wa takwarorinsu nisa, har a darasin Ingilishin kansa, ko da yake tazarar ta ragu bayan an sauya harshe a aji huɗu. Kundin tsarin mulki na 1996 da dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 duka sun ambaci raya harsunan ƙasa, kuma Fulatanci na cikin harsunan da aka gwada a shirin ELAN na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Don haka mai neman a fara wa ɗansa da harshen uwa yana kan doka. Faransanci dole ne ga ɗan Kamaru, amma ya fi zama a kan harsashin da aka riga aka kafa.

Abin da muke kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Kowace unguwa ta ware rumfa ko ɗaki kusa da makarantar allo domin 'yan shekara uku zuwa biyar, a ajiye tabarma da ruwa mai tsabta da makewayi. A zaɓi mata biyu ko uku masu haƙuri da ɗan karatu, a nemi sufeton ilimi na gunduma ya horar da su, ya kuma yi wa wurin rajista a matsayin cibiyar al'umma. A raba yini tsakanin gajerun surori da addu'o'i, da tatsuniya, da ƙirga da tsakuwa da 'ya'yan dabino, da wasa a fili, da 'yan kalmomin Faransanci na baka. A ajiye dorina a waje. Albashin matan ya fito daga adashin unguwa da gudummawar 'yan kasuwa, a rubuce, a karanta wa jama'a duk wata. Ranar da za a rubuta sunan yaro a tambayi takardar haihuwarsa, wanda ba shi da ita a taimaka masa tun da wuri, domin rashinta ne ke tare yara da yawa a bakin jarrabawar CEP.

Ga hukuma kuma muna da buƙata. Tun 2016 ma'aikatan lafiya na sa-kai suna bin gida-gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da damina suna ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ƙafar da ta saba shiga gidajen nan za ta iya ɗaukar saƙon wasa da hira da jariri, idan aka horar da ita aka biya ta. Jami'o'inmu na Ngawundere da Marwa da Garwa kuma su turo ɗalibansu cikin zaurukanmu su auna abin da ke aiki da wanda ba ya aiki, domin kada kullum mu riƙa aron hujja daga Jamaika da Mombasa a kan 'ya'yan Adamawa.

Wasu dattawa suna tsoron kada wannan ya zama ƙofar da boko zai bi ya cinye allo. Tsoron yana da asali, kuma maganinsa shi ne mallaka: wurin da unguwa ta gina, ta zaɓi malamansa, take biyansu, ita ke da ta cewa a kan abin da ake koyarwa. Lamidai da sarakunan Hausawa da limamai da masu unguwanni su ne za su fara kiran taro, iyaye mata kuma a ba su wurin zama a cikinsa, tunda su ne malaman farko. Ɗa na kowa ne, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.