SHIN IN SA YARANA ƘUNGIYAR NINƘAYA? AMSA GA IYAYE

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

 Yau ba maganar sassaƙe ko jiƙo za mu yi ba. Tambaya ce ta yawaita daga iyaye: wasu makarantun kuɗi da wasu masu horarwa sun fara tara yara suna koya masu iyo, wato ninƙaya, har da shirin kai su gasa. Wani ya ce min, "Malam, wannan ba aikin Turawa ba ne?" Wata ta ce, "Malam, 'ya mace fa?"

Ga ra'ayina a taƙaice, kafin bayani: ku sa su. Maza da mata duka. Amma ku shiga tare da su, kar ku jefa yaro can ku juya baya. Kuma ku sani tun farko, abin da ake nema shi ne yaro ya iya fidda kansa daga ruwa. Kofi da lambar yabo ƙari ne, in sun zo madalla.

*MI YA SA NA CE HAKA*

Mu mutanen tudu ne. Ba mu da teku, ba mu da babban kogi a bakin gari, sai muke ganin ruwa ba matsalarmu ba ce. Wallahi matsalarmu ce. Da damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, duk kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikin birni da bayan ganuwa cika yake yi. Ga dam na Ajiwa da muke sha, ga na Jibiya, ga Zobe a Dutsin-ma, ga Sabke ta wajen Daura. Yaranmu suna zuwa waɗannan wurare, da saninmu ko ba da saninmu ba.

Ku tuna Bagwai a jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba 2021. Jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya 'yan garin Badau, suna hanyar zuwa Maulidi. Mutum 29 aka tabbatar sun rasu, yawancinsu yara ƙanana. Ku tuna Mai'adua a nan jiharmu, watan Mayu 2022, a tsakiyar shagalin ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife ya ci rayuka fiye da 10, nan ma yara ne suka fi yawa. Ga ambaliyar Jibiya ta Yuli 2018 da ta tafi da mutum sama da 40. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

Ban ce da sun iya iyo duka za su tsira ba. Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya su ma suna da nasu alhakin. Amma yaron da ya iya kwanciya rigingine a kan ruwa, ya natsu na ɗan lokaci har masunta su iso, ba ɗaya yake da wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kaɗai mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma ƙananan yara ne a sahun gaba. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli na kowace shekara don faɗakarwa a kan wannan musiba.

*MATSAYIN ADDINI*

Masu cewa iyo aikin Nasara ne, su koma ga littattafanmu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya aika wa mutanen Sham umarnin su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi. Akwai hadisi a wajen Imamun Nasa'i da ya lissafa koyon iyo cikin 'yan abubuwan da ba a ɗaukarsu wasan banza. Masu sira sun kawo cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya koyi iyo yana yaro a Madina, lokacin da mahaifiyarsa ta kai shi wajen dangi, Banu Najjar. Kuma Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu shekara ta 911 bayan Hijira, wannan malamin da ya taɓa rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar, yana da ɗan littafi sukutum a kan falalar iyo. To ina aikin Turawa a nan? Ko a ƙasar Hausa, Sarkawa da Kabawa sun gaji ruwa kaka da kakanni, kuma a bikin kamun kifi na Argungu ana gasar iyo da nutso da tseren kwale-kwale.

Wani zai ce, ai wanda ruwa ya ci shahidi ne. Gaskiya ne, ya tabbata a hadisi ingantacce. Amma wanda gini ya faɗa wa ma shahidi ne, kuma ba mu taɓa jin mai hankali ya bar iyalinsa su kwana ƙarƙashin katangar da ta tsage ba. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Ƙaddara gaskiya ce, sakaci kuma laifi ne, kowanne da gurbinsa.

Haka masu cewa 'yan ruwa ne ke jan yara. Mun yi imani da aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma ku dubi ramin da aka haƙi ƙasa: bakinsa ruwa iya ƙugu, taku biyu gaba kuma ya shanye mutum biyu a tsaye, ƙasansa laka mai riƙe ƙafa. A yi wa yaro addu'a safe da yamma, a kuma koya masa iyo. Ba laya ko rubutun sha da zai hana wanda bai iya ruwa ba nutsewa. Duk wanda ya sayar maka da irin wannan, kuɗinka ya ci.

*KUDUDDUFI BA MAKARANTA BA CE*

Nan ne nake so ku ba ni hankalinku. Da yawanmu a kududdufi muka ga ana koyon iyo, sai uba ya ce ai kyauta ne, mi zai kai shi biyan kuɗi. Abin da yaro ke kwasowa can shi ne tsargiya.

Ga yadda take. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan dodon koɗi. Daga nan 'ya'yan tsutsar su fito suna yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu. Ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata suke huda jiki. Su girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, suna zuba ƙwai, sai ka ga jini a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma Najeriya na kan gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita.

Jinin nan ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa, ba kuma zafin rana ba ne. In an bar shi shekaru yana rage jini, yana ɓata mafitsara da ƙoda, yana iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara, ga mata kuma yana taɓa mahaifa har ya kawo matsalar haihuwa. Ni mai magani ne, amma ina gaya maku: a kai yaro asibiti a auna fitsari. Maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu ana auna tsawon yaro da sanda. In an zo rabo kar ku hana.

Wurin ninƙaya na gini da ake zuba wa sinadarin kulorin ana tace shi ba ya da dodon koɗi, don haka ba tsargiya. Wannan kaɗai ya isa hujjar biyan kuɗin wata.

*SHARUƊƊA KAFIN KA SA HANNU*

Ƙungiyar gasa ba kamar zuwa wanka ranar Sallah ba ce. Atisaye ne sau da yawa a mako, wani lokaci da sassafe, ga kuɗin wata, ga kuɗin Keke Napep, ga kaya, ga tafiye-tafiye in gasa ta taso. Gidan ne gaba ɗaya ke shiga. Saboda haka Alhaji da Hajiya su zauna su duba waɗannan:

1. Je ka da ƙafarka ka ga ruwan. In ba ka hango ƙasan wurin daga sama, ruwan ya yi kore ko ya yi duhu, kar ɗanka ya shiga. Ka tambaya: wa ke tsaye yana gadin yara, ba ya riƙe da waya? Yara nawa ne a hannun mai horarwa ɗaya?

2. Sutura. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take, akwai wandon iyo mai kaiwa gwiwa. Mata kuma akwai kayan iyo masu rufe jiki da kai. Kar a shiga da zane ko dogon hijabi, suna shan ruwa su naɗe ƙafa, haɗari ne.

3. 'Yan mata su sami ranarsu ko sa'arsu daban, da mace mai horarwa, ba mai ɗaukar hoto. In ƙungiya ta ce ba za ta iya ba, iyaye ku haɗu ku nema da baki ɗaya. Mai wuri kuɗi yake so, in kun kai gida 20 zai saurare ku. Hana 'ya mace koyo ba kariya ba ce, ita ma tana hawa kwale-kwale, ita ce ma ke tare da ƙanne a bakin rijiya.

4. Kar a bar yaro shi kaɗai da babba a ɗakin canza kaya ko a masauki, ko wane ne shi. Tafiyar gasa, uba ko uwa ko muharrami ya bi. Mai horarwar kirki ba ya jin haushin wannan sharaɗi.

5. Sallah da Islamiyya ba sa matsawa don atisaye, atisaye ne ke matsawa. Da azumi a mayar da shi bayan shan ruwa.

6. Mai farfaɗiya ba ya shiga ruwa sai da izinin likita da mutum a gefensa. Mai sikila a kiyaye shi da ruwan sanyi, musamman da hunturu, yana tayar da ciwon. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa. Mai gudawa ko kunne mai ruwa ya zauna gida sai ya warke.

Bayan an fito, a yi wanka da ruwa mai kyau, a shafa man kaɗanya don kulorin na busar da fata. A karkata kai ruwan kunne ya fita, kar a tura tsinke ko a ɗiga mai in kunnen na ciwo. A ba yaro ruwa ya sha, mai iyo yana zufa ko da bai sani ba, sannan dabino da fura ko kunun gyaɗa.

*MAGANAR GASA*

Ba na ƙin gasa. Tana koya wa yaro tashi da wuri, da haƙuri, da karɓar kaye ba tare da kuka ba. Yaron Tunusiya, Ahmed Hafnaoui, yana ɗan shekara 18 ya ci zinare a iyon mita 400 a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Ba abin da ya hana ɗan Katsina. Amma na ga iyaye a harkar ƙwallo da musabaƙa suna zagin yaro don ya zo na uku. Kar a kawo wannan hali bakin ruwa. Yaron da ya zo na ƙarshe a tseren mita 50 ya riga ya fi ƙarfin kududdufin unguwarku, kuma abin da ka biya kuɗi dominsa ke nan.

Wanda ba shi da halin ƙungiya fa? Ku dubi Bangaladash, ƙasar Musulmi ce, talakawa kamarmu. Suna kafa shingen gora a wuri mara zurfi, matasan gari da aka horar suna koya wa yara abu uku: iyon mita 25, tsayuwa a kan ruwa daƙiƙa 30, da ceton wani daga tudu. Bincike ya nuna mutuwar yaran da suka koya ta ragu ƙwarai. Mu namu ruwan kwance yana da tsargiya, don haka sai wurin gini. Makarantun Islamiyya su haɗa kuɗi su kama sa'o'i a wurin da ke akwai. Masu hali kuma, gina wurin koyon iyo a yi waƙafinsa ga yaran talakawa sadaka ce mai gudana. Daga shekara 6 ake so a fara koyarwa. Na ƙasa da haka maganinsu ido: a rufe rijiya, a kife baho da bokiti, don ɗan ruwa kaɗan ya isa ya kashe mai rarrafe.

*IN ABIN YA FARU*

Mai nutsewa ba ya ihu, shiru yake tafiya. In ba ka iya ruwa ba kar ka faɗa, gawa biyu za a ɗauko. Miƙa gora ko igiya, ko ka jefa jarka wofi mai murfi a rufe. In an fiddo shi, kar a ɗaga ƙafafunsa sama, kar a danne ciki wai ruwa ya fita, ɓata lokaci ne. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba har ya farfaɗo ko a isa asibiti. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita ya duba huhu.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya raya su bisa Sunna da ƙoshin lafiya. A tura wa sauran iyaye da malaman makarantu kafin damina ta sauka. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.