Injiniyoyin LASU su leƙo mayankar Oko-Oba

Malam Edita,

Jami'ar Jihar Legas, wato LASU, wadda gwamnatin Lateef Jakande ta kafa a 1983, tana da tsangayar injiniya a Epe, kuma tana yaye ɗalibai shekara da shekaru. Madalla. To amma ina amfanin bincikenta ga irinmu mazauna Agege?

Kullum ana yanka shanu masu ɗimbin yawa a mayankar Oko-Oba. Tumbi da jini da kashin shanu suna bin magudanar ruwa, wari ya addabi maƙwabta, alhali irin wannan ƙazanta ce ake rufewa cikin tanki ta ruɓe, ta fitar da iskar gas ta girki ko ta tayar da janareta, ragowar kuma ta zama taki. Mahautanmu kuwa suna ta kukan tsadar mai.

Na san malamai za su ce babu kuɗi, kuma da gaskiyarsu, yajin aikin wata takwas na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 bai tashi a banza ba. Sai dai a 2023 an ɗaga harajin ilimi da kamfanoni ke biya wa asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, zuwa kashi 3 cikin 100, kuma asusun yana da kason bincike. Don haka ya kamata tsangayar ta rubuta takardar neman tallafi, ta zauna da shugabannin mahauta, a fara da ƙaramin tanki ɗaya na gwaji.

Naku,
Mai karatu daga Oko-Oba, Agege