Darasin Da Ke Cikin Burodin Idin Yahudawa

Duk al'ummar da ta daɗe a duniya tana da inda take ajiye tarihinta. Wasu sun ajiye nasu a littattafai, wasu a bakin mawaƙan fada, wasu kuma a gine-gine. Yahudawa, waɗanda kowa ya san su da riƙon littafi, sun ƙara da wata ma'ajiya da ba a cika lura da ita ba, wato madafa. Kusan kowane idi nasu yana da burodinsa ko kayan zaƙinsa, kuma kowanne yana da siffarsa da lokacinsa da dalilin da ake gaya wa yaro. A ganina wannan dabara tana cikin abubuwan da suka riƙe su a tsawon ƙarnonin da suka yi a warwatse cikin ƙasashen mutane, kuma akwai abin da ya kamata mu ɗauka a cikinta.

Na san mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da burodin Yahudawa alhali mun ga abin da aka yi wa Falasɗinawa? Tambayar tana kan hanya, domin a farkon watan Afrilun 2025 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa dukkan gidajen burodi 25 da take tallafa wa a Gaza sun rufe saboda rashin fulawa da makamashi, bayan Isra'ila ta toshe hanyar shigar da kaya. Babu mai imani da zai yi na'am da wannan. Sai dai gwamnatin da aka kafa a 1948 daban take da al'adar da ta girme ta da dubban shekaru, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya san al'adar ne ma zai iya auna gwamnatin da ma'aunin mutanenta, kamar yadda wasu Yahudawa masu adawa da yaƙin suka yi a watan Afrilun 2024, lokacin da suka shimfiɗa abincin idinsu a kan titi a unguwar Brooklyn ta birnin New York don nuna ƙin amincewa da tura makamai.

Bari mu fara da Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Fesah. Shi ne idin tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa (AS), kwana 7 a Isra'ila, kwana 8 ga mafi yawan waɗanda ke wajenta. A cikin waɗannan kwanaki ba a cin duk abin da ya kumbura na alkama ko sha'ir ko danginsu. Ana share gida ƙarƙaf, daren jajibiri a bi lungu-lungu da kyandir ana neman ɓurɓushin burodi, da safe a ƙone abin da aka samu. Abin da ake ci a madadinsa shi ne matza, wata busasshiyar gurasa marar yisti wadda ba ta da komai sai gari da ruwa. Ƙa'idar malamansu ita ce kada a wuce minti 18 daga lokacin da ruwa ya taɓa gari zuwa gashi, don kada kwaɓin ya soma tashi. Dalilin da suke bayarwa shi ne kakanninsu sun bar ƙasar Fir'auna cikin gaggawa, ba su tsaya jiran ƙullu ya kumbura ba.

Abin lura a nan shi ne matza ba ta da wani daɗi, su kansu burodin wahala suke ce mata. Abin da ya raya ta shi ne zaman da ake yi a kanta. A daren farko iyali duka suna zama a kan abinci, sai ƙaramin yaron gidan ya yi tambayoyi huɗu da aka koya masa, ta farko kuwa ita ce me ya sa yau kaɗai ake cin wannan gurasa. Daga nan manya su warware masa labarin. Ana kuma gutsurar matza a ɓoye, yara su bazama nema, wanda ya gano a ba shi tukuici. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya yi wannan wasa shekara goma ya haddace tarihin mutanensa kafin ya san cewa karatu ake koya masa.

Haka abin yake a sauran lokutansu. Kowane daren Asabar ana ajiye burodi biyu da ake kira halla, wanda Yahudawan Turai suke yi masa kitso kamar gashin mace. Biyun suna tuna da mannu da aka saukar wa Bani Isra'ila a cikin sahara, wanda a ruwayarsu ake ba su ninki biyu ranar Juma'a don kada su yi aikin tsinta ranar hutu. Kafin a gasa, mai kwaɓin takan ciri ɗan ƙullu ta ƙone, a madadin kason da a da ake kai wa masu hidimar ɗakin ibada. Idan sabuwar shekararsu ta kama, sai a yi burodin nan a kewaye, wasu su zuba zabibi, a dangwala da zuma da fatan shekara mai daɗi. A idin Hanuka, wanda ke tuna da sake tsarkake ɗakin ibadarsu na Ƙudus a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana kwana 8 ana cin abin da aka toya cikin mai, saboda ruwayar da ta ce man fitilar da zai isa kwana ɗaya ya kai kwana takwas. Shi ya sa ake toya sufganiya, wani irin fanke mai zaƙi a ciki. A idin Furim kuwa ana gasa hamantashen, ɗan ƙaramin cincin mai kusurwa uku da ake cusa wa 'ya'yan itace, don tunawa da tsira daga makircin wani wazirin sarkin Farisa mai suna Haman, wanda ba shi ne Hamana na zamanin Fir'auna ba. A ranar wajibi ne mutum ya aika wa wani da abinci aƙalla iri biyu, ya kuma ba matalauta sadaka.

Wani abin sha'awa shi ne ba su tilasta wa kansu girki iri ɗaya ba. Dokar ɗaya ce, amma kowace ƙasa ta ba su kayan aikinta. Yahudawan Yaman, da yake ba a hura wuta ranar Asabar, suna saka burodinsu kubana a tanderu tun ranar Juma'a, ya kwana yana nuna a hankali har safiya. Na Habasha suna da dabo, na Iraƙi suna cusa dabino a cikin nasu cincin, na Maroko kuma suna toya sifinj kamar yadda maƙwabtansu Musulmi suke yi. A Marokon ne ma, inda Yahudawa suka kai kusan 250,000 a ƙarshen shekarun 1940, aka san bikin Mimuna. Daren da Idin Ƙetarewa ya ƙare, gidan Bayahude babu ko ƙwayar fulawa, sai maƙwabta Musulmi su shigo da gari da man shanu da zuma, a toya wata siririyar waina mai suna mufleta a ci tare. Yau Yahudawan da suka rage a Maroko ba su wuce dubu kaɗan ba, amma jikokinsu a Isra'ila da Faransa da Kanada suna nan suna toya mufleta.

Kada a zaci al'adar ta tsira ba tare da gwagwarmaya da zamani ba. A 1838 wani Bayahude a Faransa mai suna Isaac Singer ya ƙera injin murza matza. Zuwa 1859 rikici ya ɓarke tsakanin malamansu na gabashin Turai. Malam Shlomo Kluger ya haramta matzar inji, kuma cikin hujjojinsa har da cewa za a raba matalauta da aikin da suke samun kuɗin idi da shi. Malam Yosef Nathanson kuwa ya halatta, yana ganin inji ya fi hannu sauri da tsabta. Inji ya yi rinjaye a kasuwa, musamman bayan kafa kamfanin Manischewitz a birnin Cincinnati na Amurka a 1888, har matza ta koma mai kusurwa huɗu a cikin kwali. Duk da haka ta hannu ba ta mutu ba, kuma ko ta kwalin ce a kan tebur, yaro yana nan yana tambaya. Wato sun bar inji ya ɗauki wahalar, ba su bar shi ya ɗauke ma'anar ba.

Sun kuma rubuta. A sansanin Terezin, inda 'yan Nazi suka tsare Yahudawa a lokacin yaƙin duniya na biyu, wasu mata da yunwa ke ci suka riƙa rubuta girke-girken gidajensu daga ka, har da na kek da kayan zaƙi. Mina Pächter, wadda ta tattara su, ta rasu a can a 1944. Takardun sun yi kusan shekara 25 kafin su isa hannun 'yarta, aka buga su littafi a 1996. A wannan shekarar ce kuma Claudia Roden, haifaffiyar Alƙahira wadda danginta suka bar Masar bayan rikicin Suez na 1956, ta fitar da littafinta mai girke-girke sama da 800 da ta tattaro daga bakin tsofaffi a ƙasashe daban-daban.

To, ina muka tsaya mu? Ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Gurasar Kano da alkaki duk sunayensu daga Larabci suke, sun biyo ayarin Sahara, kuma kalmar da ta haifi alkaki ita ce ka'ak, sunan da Musulmi da Kirista da Yahudawan Sham suke kiran cincin ɗinsu har yau. Muna da nakiya da dubulan na gara, muna da funkaso da waina na ranar Sallah, muna da cika-ciki na watan Muharram da wutsiyar ragon layya da ake ajiyewa dominsa. Ashurar da ake azumta a wannan wata ma tana komawa ne ga tsirar Annabi Musa (AS) daga Fir'auna. Kayan aikin duk muna da su. Abin da muke sakaci da shi shi ne bayani da koyarwa. A gidajen da yawa daga cikinmu 'yan boko, idan Sallah ta matso waya ake ɗauka a yi odar kek da cincin, yara su ci su tashi ba su ga an kwaɓa ba, ba su kuma ji dalilin komai ba. Masu iya murza alkaki a unguwanni tsufa suke yi, awon da ke hannunsu kuwa ba a kan takarda yake ba.

Ba ina cewa mu mai da abinci ibada ba, addininmu ya riga ya fayyace mana abin da yake ibada da abin da yake al'ada. Ba kuma ina ɗora wa mata wani sabon nauyi ba, domin wadda ta wuni a ofis ko asibiti ba laifi ta yi ba don ta saya. Abin da nake nema kaɗan ne. Kowane gida ya zaɓi abu ɗaya da za a yi da hannu a kowace Sallah, yara maza da mata suna wurin, uba ma ya zauna ya faɗi inda abin ya samo asali da wadda aka gada a wurinta. Sassan nazarin Hausa da na kimiyyar abinci a jami'o'inmu su tura ɗalibai wurin tsofaffin nan da ma'auni da na'urar ɗaukar magana tun suna raye. Idan sayen ya zama dole, a saya a hannun matan unguwa da wannan sana'a take ciyar da su, irin mutanen da Malam Kluger ya ji wa tsoro tun 1859.

Mutanen da aka kora daga ƙasa zuwa ƙasa sun riƙe gurasa marar gishiri marar daɗi shekara dubbai saboda sun ba ta dalili. Mu da muke zaune a kan ƙasar kakanninmu, da alkaki mai zuma a hannu, ba mu da uzuri idan muka bari ya ɓace a zamaninmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gyara.