RA'AYINMU: Takobi Mai Karyewa da Ruwan da Ba Ya Ɗaukewa

'Yan'uwa ɗalibai da sauran masu karatu, mun sani sarai waɗansu daga cikinku za su yi mamaki idan suka buɗe wannan shafi suka tarar muna maganar wasan bidiyo, alhali kuwa ga ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, ga tsadar abinci, ga jarrabawa ta ƙarato. Uzurinmu guda ɗaya ne. Mun lura da cewa akwai abokan karatunmu, har da waɗansu ƙananan ma'aikata da suka riga mu fita, waɗanda suka ba wasa ɗaya tak sa'o'i ɗari ko fiye daga cikin rayuwarsu. Abin da ya iya cin wannan lokaci a hannun ɗalibi ya wuce a kawar da kai gare shi. Ya cancanci a ɗora shi a ma'auni kamar yadda muke ɗora littafi ko wasan kwaikwayo, a faɗi inda ya yi kyau, a kuma faɗi inda ya ɓata wa mutane rai.

Wasan da muke nufi shi ne The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar ran 3 ga Maris, 2017, domin na'urorinsa biyu, watau Switch da Wii U. Hidemaro Fujibayashi ne ya jagoranci aikin, Eiji Aonuma kuma shi ne mai kula da shi baki ɗaya. Ya ci kyautar wasan shekara a bikin The Game Awards na 2017, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 30. Labarinsa gajere ne. Wani saurayi mai suna Link ya farka daga barcin shekara ɗari ba ya tuna kome, ya tarar masarautar Hyrule ta zama kufai, wani mugun abu mai suna Ganon ya mamaye fada, Gimbiya Zelda kuwa tana can ciki ita kaɗai tana tare shi don kada ya fito ya gama da duniya.

Babban abin da ya burge mu shi ne yadda wasan ya amince da hankalin mai wasa. Da farko ana tsare mutum a kan wani tudu mai faɗi, a koya masa amfani da wani allo mai ƙarfi iri huɗu: jawo ƙarfe kamar maganaɗisu, yin bam, tsayar da abu cik na ɗan lokaci, da kuma fito da ginshiƙin ƙanƙara daga cikin ruwa. Sa'an nan a ba shi wata 'yar laima ta sauka daga sama, a sake shi. Daga nan babu mai riƙe masa hannu. Duk dutsen da idonsa ya hango, in dai yana da sauran ƙarfi, yana iya hawa. In ya ga dama ma ya miƙe kai tsaye zuwa fada da sanda a hannu ya tunkari Ganon, kuma akwai gwanaye da suka gama wasan haka cikin ƙasa da rabin sa'a. Wanda ya saba da wasannin da ke cika fuskar talabijin da kibiyoyi da alamomi suna ce masa bi nan, ɗauki wancan, shi zai fi gane girman wannan kyauta.

Wannan 'yanci yana da tarihi. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙago wasan Zelda na farko a 1986, ya sha faɗin cewa yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da kogunan dutse na karkarar Kyoto shi ne tushen wasan. Da shekaru suka shuɗe, wasannin Zelda suka riƙa ƙuntata, har ya zama kowace ƙofa tana jiran mabuɗinta, kowane mataki yana jiran wanda ke gabansa. Masu wannan wasa sun koma tushe da gangan, har sun fara gwada dabarunsu a wani ɗan samfuri da suka zana da kamannin wasan 1986 kafin su gina na ainihi.

Amma 'yanci kaɗai ba ya isa in duniyar ba ta da ƙa'ida. A nan ne aikin ya nuna gwaninta. Wuta tana cin ciyawa, iska tana kaɗa ta, zafinta kuma yana tashi sama har ya ɗaga mai laima. Ƙarfe yana jawo tsawa, saboda haka mai hankali yakan tuɓe takobinsa in hadari ya haɗu, mai wayo kuwa ya jefa wa abokin gaba nasa ya koma gefe ya jira. In rafi ya tare hanya, a sare itace ya faɗi ya zama gada. In sanyin kan dutse ya yi yawa, a dafa barkono a tukunya a ci. A hamadar Gerudo rana tana ƙuna da tsakar yini, dare kuma ya yi sanyi mai ratsa ƙashi, abin da ba sai an yi wa mutumin Agadas ko Nguru dogon bayani ba. Da yake waɗannan ƙa'idodi ba sa canzawa daga wuri zuwa wuri, mutum yana iya yin tunani da su. Akwai ƙananan ɗakunan gwaji 120 a warwatse cikin ƙasar, kuma sau da yawa mutum biyu sukan warware ɗaya ta hanyoyi dabam. A ɗayansu ana so ka karkata abin sarrafawa da ke hannunka don ka bi da ƙwallo ta cikin wani gida mai lunguna. Waɗansu da suka gaji sai suka kifar da abin sarrafawar gaba ɗaya, gidan ya juye, ƙwallon ya gangara a bayansa mai santsi, wasan kuma ya karɓa. Mun so a ce malamanmu duka suna da irin wannan haƙuri ga amsar da ta zo ta hanyar da ba su tsara ba.

To, mu zo kan abin da ya fi raba kan jama'a, watau karyewar makamai. A wannan wasa kusan kowane takobi, kowane mashi, kowane baka da garkuwa, yana da iyakar kwanansa. Ka sha wuya ka kashe ƙaton dodo, ka sami takobi mai walƙiya, bayan 'yan faɗace-faɗace ya tarwatse a hannunka kamar kwalba. Ko shahararren takobin nan, Master Sword, wanda ba a iya zare shi sai mutum ya tara zukata goma sha uku, yakan gaji ya ɓace na minti goma kafin ya dawo. Mun ji masu cewa wannan kaɗai ya sa suka ajiye wasan, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Duk da haka, bayan mun yi ta muhawara a tsakaninmu, mun tsaya a kan cewa masu wasan sun yi daidai a manufa, sun kuskure a gwargwado. Dalili kuwa shi ne, ƙasar da aka buɗe kowane ɓangarenta tun daga farko tana da haɗari guda: yaro mai ƙarfin hali zai iya lallaɓawa cikin fada a sa'ar farko ya sato takobi mafi ƙarfi, daga nan sauran tafiyar duka ta zama wasan yara. Karyewa ita ce ta toshe wannan ɓaraka. Ita ce kuma take tilasta wa mutum ya tuna da bam, da duwatsun da ake gangarowa, da wuta, da tsawa. Wanda ke shakkar wannan ya tuna da tsibirin Eventide, inda ake ƙwace wa Link dukan kayansa a bar shi daga shi sai ɗan kamfai, ya nemi reshe da abin da ya tsinta ya kare kansa. Da wuya ka sami wanda ya je tsibirin nan bai sa shi cikin wurare mafi daɗi a wasan ba.

Inda aka kuskure shi ne saurin karyewar, musamman a farkon tafiya, da kuma rashin maƙeri. Ƙasa mai garuruwa da kasuwanni da masu rini, amma babu inda za ka kai takobin da ka ƙaunata a gyara maka kafin ya mutu, in ban da 'yan makaman gado na jarumai huɗu da ake iya sake ƙerawa da kaya masu tsada. Sakamakon haka ya zama akasin abin da aka nufa. Maimakon mutum ya yi amfani da kyawawan makamai, sai ya riƙa ɓoyonsu don ranar da ba ta zuwa, yana yaƙi da kulake, jakarsa cike da dukiyar da yake tsoron taɓawa. Bugu da ƙari, tsayar da faɗa kowane ɗan lokaci don zaɓen sabon makami yana kashe zafin faɗan. Da alama kamfanin ya ji kukan, domin a wasan da ya biyo baya, Tears of the Kingdom, na Mayun 2023, an ba mutum ikon liƙa ƙaho ko dutse a jikin makami ya ƙara masa ƙarfi da kwana.

Ruwan sama kuwa ba mu da abin kare shi da shi. Wasan da ya yi maka alkawarin hawa kowane dutse, shi ne kuma yake saukar da ruwa kana tsakiyar hawa, dutsen ya yi santsi, ka hau taku huɗu ka zame, ƙarfinka ya ƙare ka faɗo. Kayan hawa na musamman da ake wahala a samu ba sa hana zamewa. Ba ka iya hura wuta a fili don ka zauna lokaci ya wuce, sai ka sami inuwar dutse. A kan hanyar zuwa garin mutanen Zora, inda ruwa ba ya ɗaukewa sai an warware matsalar wurin, mun gane hikimar, domin ana so ne a bi hanya a gamu da abin da ke kanta. A sauran wurare kuwa abin da ya rage wa mutum shi ne ya ajiye na'ura ya zuba tagumi. Ga wanda ke wasa da batir saboda an ɗauke wuta, kuma Switch ta farko ba ta wuce kimanin sa'a uku a kan wannan wasa, minti biyar na jiran hadari hasara ce ta gaske. Nan ma sai a wasan 2023 aka kawo magani da tufafin da ke rage santsi.

Akwai waɗansu ƙorafe-ƙorafe da za mu ambata a gurguje. Manyan injuna huɗu da ake shiga cikinsu, masu siffar giwa da ƙadangare da tsuntsu da raƙumi, abin kallo ne daga waje, amma cikinsu kusan launi ɗaya ne, dodannin da ke tsaronsu kuma kamar 'yan gida ɗaya. Wanda ya 'yantar da su duka zai tarar an rage wa Ganon rabin ransa tun kafin a fara, sai faɗan ƙarshe ya zo da sauƙin da bai dace da tafiyar sa'o'i ɗari ba. A dajin Korok hoto yakan yi tsaitsaye a tsohuwar na'ura, ko da yake bugun da aka fitar domin Switch 2 a 2025 ya gyara wannan.

Game da labari, ra'ayinmu ya rabu biyu. Ana tsintar sa ne gutsure-gutsure, ta hanyar neman wuraren da aka ɗauki tsofaffin hotuna, saboda haka mai gaggawa zai iya gama wasan bai san kome ba. Amma wanda ya bi su zai gamu da Zelda wadda ba mu zata ba: yarinya mai son bincike da nazarin tsofaffin injuna, wadda mahaifinta ya hana ta, ya tilasta mata addu'a da neman wani ƙarfi na gado da ya ƙi zuwa, mutanen fada kuma suna gulmarta. A jami'a irin tamu, inda ba a rasa wanda ke karanta likitanci ko lauya don cika burin iyaye alhali zuciyarsa tana wani fanni, wannan ɓangare yana da nauyin da ya fi na dodanni. Abin takaici ne a ce an binne shi inda da yawa ba za su tono ba.

Saura maganar kuɗi da lokaci. Ranar fitowarsa, farashin wasan a Amurka dala 60 ne, na'urar kuma dala 300, wanda ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Saboda haka mafi yawa a na'urar aboki suke taɓawa. Shawararmu ga masu yin haka, kowa ya buɗe sunansa dabam a na'urar, domin fara sabon wasa a ƙarƙashin sunan wani yana shafe masa tafiyarsa, kuma zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai wannan ba.

Lokaci kuwa shi ne inda wasan ya fi haɗari, domin ba ya taɓa ce maka ya isa. Ka nufi hasumiya, ka hango hayaƙi, kafin ka kai hayaƙin ka ga doki, kafin ka kama dokin an kira asuba. Muna roƙon 'yan'uwa da ke da jarrabawa a gaba su miƙa na'urar ga wani amintacce har a gama. Masu neman kammala kome da kome kuma, ga abin da ke jiransu. An ɓoye 'ya'yan itacen Korok guda 900 a ƙarƙashin duwatsu da kan bishiyoyi da ƙwanƙolin tsaunuka. Guda 441 sun isa a faɗaɗa jakar makamai har iyakarta. Wanda ya nace ya tattara dukan 900 ɗin, ladan da zai karɓa wani ɗan dunƙulen zinariya ne mai siffar kashi, wanda ba ya sayen kome, ba ya kuma buɗe kowace ƙofa.